Shin ƙyallen maganaɗisu a sararin samaniya zai iya tattara hasken rana a kanmu?

Akwai wata na'ura ta maganaɗisu da za a kafa a sararin samaniya ta tattara hasken rana, ta auno shi kan wani gari ko wata ƙasa? Tambayar ba ta rasa masu yin ta a Yamai, musamman idan bazara ta kankama, wuta ta ɗauke da tsakar dare, mutane suka fito da tabarmi tsakar gida. A fada, tsakanin shayin farko da na biyu, sai wani ya ciro waya ya nuna hoton kumbo a tsakiyar wata ƙatuwar kumfa mai shuɗin haske, ya ce ai ga abin da Turawa suka rataya, shi ya sa rana ta sauya hali. Wasu kuma ta fuskar alheri suke kallon abin: in har ana iya tara rana daga sama, me zai hana a auno ta kan allunan sola da dare, mu huta da ɗauke wuta?

Hoton yana da asali. Akwai bincike na gaskiya a kan abin da ake kira ƙyallen maganaɗisu da filasma, wato gas mai cajin lantarki, an fi shekara 30 ana yin sa a Amurka da Japan da Turai. Sai dai don tura kumbo aka ƙirƙiro shi, kuma har yau ba a harba ko guda ya yi tafiya da shi ba. Batun tattara hasken rana kuwa, amsarsa a'a ce, kuma halittar haske ce ta hana, ko nawa za a kashe. Dalilan sun cancanci a bi su daki-daki, domin a cikinsu akwai abin da ya shafi rediyonmu da wayoyinmu fiye da yadda muke zato.

Abu biyu ne ke fitowa daga rana

Ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Na farko haske, wanda zafin da muke ji a fata yake cikinsa. Yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ya ratso kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da ƴan kai. Kafin ya shigo iskar duniya, kowane murabba'in mita da ya fuskanci rana yana samun wat 1,361.

Na biyu shi ne iskar rana, wadda ba ta shaƙa ba ce. Zafin saman rana yana wargaza ƙwayoyin zarra, ilektaron ya rabu da tsakiyar ƙwayar, kowane ɓarɓashi ya fita da cajin lantarki nasa. Gas ɗin da ya kai wannan hali shi ake kira filasma. Ba baƙon abu ba ne: walƙiyar damina filasma ce, haka abin da ke cikin dogon ƙwan fitila idan an kunna shi. Rana tana fesa wannan filasma ta kowace fuska ba dare ba rana, tana gudun kilomita 400 a daƙiƙa a matsakaici, sai ta yi kwana 4 kafin ta iso nan. Kuma siririya ce ƙwarai. A ɗan akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita 1 ne, ɓarɓashi 5 kacal za a samu a kusa da duniya. Eugene Parker na Jami'ar Shikago ne ya yi hasashenta a 1958, manyan masana suka ƙi yarda, sai kumbon Mariner 2 ya tabbatar da ita a 1962.

Makamashin da wannan iska take ɗauke da shi bai kai kashi 1 cikin miliyan na wanda haske ke ɗauke da shi ba. A riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

Daga ina tunanin ƙyallen ya fito

An kira shi ƙyalle ne saboda aikinsa irin na ƙyallen da ake ɗaura wa jirgin ruwa iska ta tura shi. Iri biyu ne manya. Akwai ƙyallen haske, wanda leda ce siririya mai ƙyalli; haske na bugunta ya koma, ya ɗan tura ta. Wannan an gwada shi ya yi aiki. Japan ta harba IKAROS a watan Mayun 2010, ƙyalle mai mita 14 kowane gefe, ya wuce ta kusa da tauraruwar Zahra a ƙarshen shekarar. LightSail 2 mai murabba'in mita 32 ya biyo baya a 2019, hukumar NASA kuma ta buɗe wani mai murabba'in mita 80 a 2024.

Ƙyallen maganaɗisu shi ba leda gare shi ba. A 1988 wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Dana Andrews da Robert Zubrin, suna nazarin wani tunani da masanin kimiyya Robert Bussard ya kawo a 1960, na kumbon da zai riƙa zuƙo haidurojin na sararin samaniya da mazurarin maganaɗisu ya mayar da shi makamashi. Da suka yi lissafi sai suka ga mazurarin birki yake yi wa kumbon. Nan suka juya maganar: abin da ke iya tare iska ya tsayar da kumbo, zai iya tare iskar rana ta tura shi gaba. Suka zana zoben waya mai faɗin gomman kilomita, irin wayar da lantarki ke kewayawa a cikinta ba ya raguwa in an sanyaya ta matuƙa. Matsalar ita ce nauyi, da yadda za a warware irin wannan waya a sama.

A 2000 Robert Winglee na Jami'ar Washington ya kawo dabarar da ake ganin hotonta a wayoyi. Ya ce a yi ƙaramin maganaɗisu a jikin kumbo, a riƙa hura filasma a cikin ƙarfinsa har ya kumbura ya zama kumfa mai nisan kilomita 15 zuwa 20 daga kumbon ta kowane gefe. Iskar rana ta bugi kumfar, kumfar ta ja kumbon. Me ya sa sai an yi girma haka? Domin turin iskar rana ɗan mitsitsi ne: a kan murabba'in kilomita guda bai wuce nauyin kashi 1 cikin 5 na gram ba, alhali haske a kan madubi mai wannan faɗi yana turi da nauyin da ya kusa kilo 1. Kumfar Winglee duk girmanta, turin da za ta samu bai fi nauyin gram ɗari biyu ko uku ba. Amma a sama babu abin da ke riƙe kumbo, ƙaramin turi in ya ɗore yakan taru. Lissafinsa ya nuna gudun kilomita 50 zuwa 80 a daƙiƙa bayan wata 3, alhali Voyager 1, wanda ya fi kowane kumbo nisa, 17 yake yi.

Waɗanda suka sake lissafin daga baya sun ga kumfar ba ta kumbura da sauƙi kamar yadda aka zata. Masu bincike na hukumar JAXA ta Japan, ƙarƙashin Ikkoh Funaki, sun gwada ƙananan samfura a ɗakunan da aka zuƙe wa iska, suka samu ƙarin turi, amma kaɗan. Akwai kuma ɗan uwan wannan dabara, ƙyallen lantarki na Pekka Janhunen ɗan ƙasar Finlan (2006), mai amfani da siraran wayoyi masu caji. Ƙaramin tauraron Istoniya da aka harba a 2013 don gwada shi, wayarsa ta ƙi warwarewa. Inda aka kwana ke nan.

Haske ba ruwansa da maganaɗisu

Maganaɗisu yana karkatar da abin da ke da caji yana kuma tafiya. Haske ba shi da caji. Ana iya ganin haka a gida. A je wurin mai gyaran rediyo a karɓi baƙin zoben mayen ƙarfe da ke bayan tsohuwar lasifika, wanda ƙusa ke manne masa har sai an sa ƙarfi a cire. Da dare a haska tocila a bango, a sa zoben a bakin tocilar hasken ya bi ta raminsa, a juya shi, a matso da shi, a janye. Da'irar hasken da ke bango ba za ta gusa ko da faɗin gashi ba. Waɗanda suka tuna tsohuwar talabijin mai ƙeya sun san cewa in aka kai wannan zoben kusa da gilashinta hoton yakan murɗe, launi ya ɓaci, domin a cikinta ilektaron ne ake harbawa, shi kuwa yana da caji.

Kumfar maganaɗisu kamar tarun masunta ce a kogin Kwara: kifi take kamawa, ruwa ya wuce abinsa. Ɓarɓashin iskar rana shi ne kifin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce mun riga muna zaune a cikin irin wannan kumfa. Duniya kanta maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Ƙarfin nan nata ya tare iskar rana a nisan kilomita 65,000 ko kusa da haka ta ɓangaren da ke fuskantar rana, ya yi doguwar jela ta baya, kuma cikinsa cike yake da filasma. Faɗin wannan kumfa ta duniya ya ninka na kumfar Winglee sau dubbai. Kowace safiya hasken rana ta cikinta yake ratsowa, bai taɓa taruwa wuri ɗaya ba, bai karkace yadda ido ko na'urar hangen taurari za ta lura ba.

To ita filasmar fa?

A nan mai tambaya yana da gaskiyar ya dage. Maganaɗisu ba ya taɓa haske, to, amma filasma abu ce mai jiki, kuma haske yakan karkace in ya shiga ruwa ko gilashi. Me zai hana filasma ta yi aikin gilashi?

Tana yi, amma ga igiyoyin rediyo. Duk wanda ya tashi a Tawa ko Abalak yana jin labaran duniya ta gajeren zango ya yi hulɗa da filasma shekara da shekaru. Ka tuna maigida bayan sallar isha'i, rediyo a cinya, ya zaro eriya har ƙarshe, yana murza maɓalli a hankali da yatsa biyu, muryar mai karanta labarai tana tasowa tana nutsewa cikin shuuu, ya ɗan karkata rediyon ta dawo. Tashar da ke watso muryar tana nisan dubban kilomita, duniya kuma a dunƙule take, babu miƙaƙƙiyar hanya tsakaninsu. Abin da ke faruwa shi ne, can sama, daga wajen kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, hasken rana ya mayar da siririyar iskar wurin filasma. Igiyar rediyo ta hau, ta lanƙwasa a wannan shimfiɗa, ta sauko. Tasowa da nutsewar muryar motsin shimfiɗar ne. Da rana akwai wani sashe na ƙasa-ƙasa da ke shanye igiyoyin. Rana na faɗuwa sai ya watse, shi ya sa tashoshin nesa ke fitowa tangaran da dare.

Ƙa'idar ita ce: ilektaron na cikin filasma suna da saurin kaɗawa nasu, gwargwadon cunkosonsu. Igiyar da kaɗawarta ba ta kai tasu ba, sai su mayar da ita. Wadda ta fi su sauri, ta wuce. Inda shimfiɗar samanmu ta fi kauri, wajen kilomita 300, akwai ilektaron kamar miliyan 1 a ɗan akwatin nan na santimita, saurinsu kuma wajen megahaz 9, wato kaɗawa miliyan 9 a daƙiƙa. Gajeren zango yana nan kusa, shi ya sa yake dawowa. FM yana tsakanin 88 da 108, ya fi ƙarfin shimfiɗar, sai ya huda ta ya tafi. Dalilin ke nan da tashar FM ta Yamai ba ta kai Agadas sai an kafa mata wata eriya a can.

Haske shi ma igiya ce irin ta rediyo, bambancin sauri ne. Koren haske yana kaɗawa wajen megahaz miliyan 550. Kuma cunkoso ba ya biyan sauri ɗaya bisa ɗaya: in ana son ninka saurin filasma sau 2, sai an ninka cunkosonta sau 4, sau 10, sai 100. In aka bi lissafin, filasmar da za ta mayar da hasken rana sai ta tara ilektaron da yawansu ya kai lamba 4 da sifili 21 a bayanta, a cikin ɗan akwatin. Wannan ya ninka yawan ƙwayoyin iskar da muke shaƙa sau 150. Iskar rana tana da 5. Injin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa don gwada samar da makamashi irin yadda rana ke yi, mai nauyin tan 23,000, wanda aka yi wa maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai don ya riƙe filasma, abin da zai riƙe bai wuce lamba 1 da sifili 14 ba.

Ina ake samun ilektaron masu yawo da wancan cunkoso? A cikin ƙarfe. Azurfa tana da wajen lamba 6 da sifili 22. Shi ya sa ake shafa azurfa ko alminiyom a bayan gilashi ya zama madubi. Masu binciken leza sukan samar da madubin filasma a ɗakin gwaji, ta hanyar harba haske mai tsanani kan gilashi, amma ɗan ɗigo ne, kuma ba ya rayuwa ko kashi 1 cikin biliyan na daƙiƙa.

Wani zai ce ba sai ta mayar da hasken ba, ta ɗan lanƙwasa shi ma ya isa. A ɗauka an yi abin da ba zai yiwu ba, an cika kumfar kilomita 30 da filasma mai kaurin ta ITER. Lanƙwasar da hasken zai yi ba za ta kai kashi 1 cikin 100,000 na faɗin rana a ido ba. Sannan ta baibai take yi. Gilashin da ya fi kauri a tsakiya tara haske yake yi. Filasmar da ta fi kauri a tsakiya watsa shi take yi, kumfar kumbo kuwa a tsakiyar ta fi kauri, tunda daga nan ake hura ta. Bugu da ƙari jan haske yana lanƙwasa kusan ninki 3 na shuɗi, kowane launi da inda zai nufa.

Inda maganar take da ƙanshin gaskiya

Maganaɗisu yana iya tattara ɓarɓashi mai caji, wannan ba musu. Haka na'urar ƙara girma ta ilektaron da ake duba ƙwayoyin cuta da ita take aiki tun shekarun 1930. Haka ƙarfin duniya yake kora wani sashe na iskar rana zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, inda ake ganin sama tana haske kore da ja da dare. Don haka in aka ce kumfa tana tattara abin da ke fitowa daga rana, ba a yi ƙarya ba, iskar ce take tattarawa, wadda muka ga makamashinta bai taka kara ya karya ba. A 1987 kuma masu nazarin taurari sun gano gizagizan filasma a tsakanin taurari suna yi wa igiyoyin rediyo aikin gilashi.

An kuma yi tunanin cusa wa kumfar abin da haske zai iya kamawa. A watan Disambar 1984, a wani gwajin haɗin gwiwa na Jamus da Amurka da Ingila, an saki sinadarin bariyom a cikin iskar rana, ya zama gajimare mai haske da jela, aka hango shi daga ƙasa, cikin mintuna ya watse. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike a Amurka sun ba da shawarar a zuba ƙura mai caji a kumfar don haske ya riƙa turinta. Ko da hakan ya yiwu, ƙura watsa haske take yi ta kowace fuska. Mu da muke ganin rana ta zama fari fat kamar wata a lokacin hazon hunturu ba ma bukatar a yi mana bayani.

Abin da ke lanƙwasa haske a sarari fili shi ne nauyin manyan halittu. An auna hakan a husufin ranar 29 ga Mayun 1919, a tsibirin Principe da ke gaɓar Afirka da kuma Sobral a Burazil, lokacin da aka ga hasken taurari ya ɗan kauce a gefen rana. Amma duk nauyin rana, sai an yi nisan da ya ninka tsakaninmu da ita sau 550 kafin hasken da ta lanƙwasa ya haɗu.

Ko madubi ne, rana tana da faɗi

A bar filasma, a ce madubi na gaske aka kai sama. Shi yana mayar da haske, ba shakka. A nan ma akwai iyakar da ba a tsallakewa, kuma yaro mai wasa da gilashi ya san ta ko bai san sunanta ba.

A ɗauki ɗan gilashin ƙara girma, irin wanda ke tara haske a nisan santimita 10. Da hantsi a riƙe shi bisa busasshen ganye: ɗigon hasken bai fi milimita 1 ba, fari tas, nan da nan hayaƙi ya tashi, baƙin rami ya fito. Sai a ɗauki tabaran karatu na tsoho, mai lamba 2, wanda sai an ɗaga shi rabin mita kafin haskensa ya taru. Ɗigonsa ya kusa milimita 5, yana da ɗumi, amma da wuya ya kama wuta. Ɗigon nan hoton rana ne. Rana tana da faɗin rabin digiri a sama, don haka duk mita 107 da hasken ya yi daga gilashi ko madubi, hoton yana ƙara faɗin mita 1. Babu gogewa ko ƙwarewar da za ta rage wannan.

Madubin da zai tsaya cak bisa gari ɗaya sai an kai shi kilomita 36,000, inda taurarin talabijin suke. Daga can, mafi ƙanƙantar da'irar da zai iya haskawa faɗinta kilomita 330 ne, ya fi tazarar Yamai zuwa Dogondutse. In madubin yana da faɗin kilomita 1, abin da ba a taɓa kusantar ginawa ba, hasken da ya tara zai bazu a wannan fili duka, kowa ya samu kashi 1 cikin fiye da 100,000 na hasken rana. Kafin ya zama rana ta biyu sai faɗinsa shi ma ya kai kilomita 330, wato ya cika ido kamar yadda rana ke cika shi. In aka sauko da shi kilomita 600, da'irar ta ragu zuwa 5 ko 6, amma ba ya tsayawa, cikin mintuna ya wuce.

An gwada. Ranar 4 ga Fabrairun 1993 Rasha ta buɗe madubin Znamya 2 mai faɗin mita 20 kusa da tasharta ta sararin samaniya mai suna Mir. Ya jefo da'irar haske mai faɗin kilomita 5 wadda ta ratsa Turai da gudu, haskenta kamar na wata ɗan daren 14. Na 1999 ya maƙale a eriya ya yage, aka watsar da shirin. Tun shekarun 1920 masanin roka Hermann Oberth ya yi mafarkin madubin sama, a 1945 jaridun Amurka suka yayata cewa Jamusawa sun so mayar da shi makamin ƙone birane, amma lissafin ɗigon yaron nan ya isa ya kashe maganar.

Tara rana a ƙasa ake yin sa, inda tazarar gajera ce. Tanderun rana na Odeillo a Faransa yana haura digiri 3,000. Tashar Noor a Warzazat ta Maroko tana ba da ɗaruruwan megawat da madubai. Mu ma muna da tarihi a nan: Farfesa Abdu Mumuni Diofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, shekaru da dama, aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa da rana a nan cikin gida tun kafin duniya ta waye da zancen sola. Abin takaici ne ɗalibi ya san hoton kumfar da ba a gina ba, bai san wannan ba.

Masu tsoro da masu fata

Ba na ganin laifin wanda ya ji tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ba ta nemi yardar mazauna yankin ba, ƙurar kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. Wanda ya san wannan, in ya ji an ce ana gwada wani abu a samansa, dole ya ɗaga kai. Amma zargi yana da amfani ne in ya sauka inda ya dace. In muka ɗora zafin bazara a kan na'urar da ba ta wanzu ba, mun sauke wa masu alhakin gaskiya nauyinsu.

Masu fata kuma, wato injiniyoyin da ke kan binciken, abin da suke nema daban ne: kumbon da zai kai ƙarshen iyalin rana cikin ƴan shekaru ba tare da tankin mai ba, ko birkin da zai tsayar da shi in ya isa, ko garkuwar da za ta kare ƴan sama jannati daga ɓarɓashin rana. Masu shakka a cikinsu suna cewa gas ɗin da za a hura wa kumfar, in aka fesa shi kai tsaye ta injin lantarki, wataƙila ya fi ba da turi. A tsakaninsu gardamar take, kuma babu ɓangaren da ke da'awar tara haske.

Abin da ya shafe mu

Zafin Afrilu da Mayu yana da dalilansa a fili. A ƙarshen Afrilu rana take bi ta tsakar kan Yamai da Tawa, ƙasa ta bushe ƙurmus, babu gajimare, babu damshin da zai sha zafin. Tana sake bi ta tsakar ka a tsakiyar Agusta, amma lokacin ruwa da hadari sun rufa mana asiri. Ita ranar ba ta ƙara ƙarfi ba: tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna haskenta, hawa da saukarsa bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba a zagayen shekara 11. Abin da ya ƙaru shi ne hayaƙin kabon a iskar duniya, daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, Kayes ta Mali ta kai digiri 48.5, kuma masanan yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution suka ce ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ta ƙara wa zafin Mali da Burkina Faso digiri 1.5 da rana, 2 da dare. Zafin daren ne ke kayar da tsofaffi da jarirai, domin jiki ba ya samun hutu, balle in fanka ta tsaya.

Maganin fankar ma a ƙasa yake. Da Nijeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa, tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai raɗaɗi. Ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, tana aiki tun 2018. Allunan sola sun fi madubai dacewa da mu, domin suna cin hasken da hazo ya watsa, madubi kuwa sai miƙaƙƙen haske. Abin da suke bukata batir ne na dare da mai share musu ƙura.

Filasmar sama tana taɓa mu ta wata hanyar. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya yana ratsa Afirka ta Yamma kudu da mu kaɗan, kuma a wannan yanki, bayan faɗuwar rana, shimfiɗar filasma takan yi ramuka da ke rikita saƙon GPS. Mai auna filaye, direban da ke bin taswirar waya a hamada, matuƙin jirgin sama, duk abin ya shafe su. In rana ta yi aman filasma mai yawa abin yakan fi haka: a Maris 1989 lardin Kebek na Kanada ya yi awa 9 babu wuta, a Fabrairun 2022 kamfanin intanet na Starlink ya yi asarar sababbin taurarin ɗan'adam kusan 40.

Madubai kuma ba su mutu ba. Wani kamfani a Kalifoniya, Reflect Orbital, ya sanar yana son harba madubai da yawa don sayar da hasken rana bayan magariba, masu nazarin taurari suna adawa saboda zai ɓata duhun dare. Ba za su ƙone kowa ba, lissafin ya nuna, amma hasken da ke yawo da dare zai iya damun tsuntsaye masu ƙaura da dabbobi da barcin mutane. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora alhakin kowane kamfani a kan ƙasar da ta ba shi izni, ba ta ce a tambayi ƙasashen da madubin zai bi ta kansu ba. Wurin da ake tattauna irin wannan shi ne kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da sararin samaniya cikin lumana, mai zama a Biyana, kuma Nijar tana da kujera a cikinsa tun 1977.